Bashi da izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka: inda masu nema ke tuntuɓe

Duk ɗan ƙasar Amurka da zai yi aikin da ya shafi bayanan sirri, a soja ne ko a kamfanin da ke kwangila da gwamnati, sai an tantance shi. Ƙa'idojin da ake bi tun 2017 guda 13 ne, kuma ta kuɗi, wadda ake kira F, tana cikin waɗanda suka fi hana mutane izini. Dalilin gwamnati shi ne, wanda bashi ya shaƙe wa wuya yana da sauƙin saye. Amma bashin kansa ba kasafai yake kayar da mutum ba, yadda ya bi da shi ne.

Babban kuskure shi ne ɓoyewa. Sashe na 26 na fom ɗin SF-86, wanda mai neman izini ke cikewa, yana tambaya ko cikin shekara bakwai da suka wuce ka taɓa yin jinkirin biyan wani bashi fiye da kwana 120, ko an miƙa bashinka ga masu karɓo bashi, ko an ƙwace maka mota. Wasu sai su amsa da a'a, suna fatan ba za a gani ba, alhali mai bincike zai ciro rahoton bashinsu ya ajiye a gabansa. Daga nan magana ta tashi daga ta kuɗi ta koma ta gaskiya da amana, wadda ta fi wuyar wankewa, kuma ƙarya da gangan a fom ɗin laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekara biyar. Maganinsa: kafin ka cike komai, ciro rahotonka daga Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, kyauta ne, ka rubuta duk abin da ke ciki.

Sai masu zaman jira. Banki ya rubuta cewa ya fitar da bashin daga lissafinsa, ko shekara bakwai ta cika ya ɓace daga rahoto, sai mutum ya ɗauka ya huta. Alƙalan da ke sauraron ƙararrakin hana izini ba sa ɗaukar wannan a matsayin biya. Abin da suke nema tarihi ne: ka kira mai bin ka, kun yi yarjejeniya, kana biya wata bayan wata, ko da dala hamsin ce. A ganina wannan ya fi a ranto kuɗi a biya komai rana ɗaya bayan takardar dalilan hana izini ta iso, don kowa ya san tsoro ne ya sa.

Rasa aiki, rashin lafiya, mutuwar aure, duk uzuri ne karɓaɓɓe, amma da sharaɗi. Za a tambaye ka me ka yi bayan abin ya faru, kuma baki kaɗai ba ya isa. Adana wasiƙar sallama daga aiki, takardun asibiti da rasit na kowane biya.

Haraji kuwa ba a wasa da shi. Rashin shigar da takardun haraji matsala ce mai zaman kanta ko da gwamnati ba ta bin ka sisi. Shigar da na baya, ka nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan daga IRS, hukumar haraji ta Amurka.

Ga namu da ke aika kuɗi Kano ko Maraɗi: fom ɗin yana tambaya ko kana tallafa wa wanda ba ɗan Amurka ba da kuɗi. Taimakon iyaye ba laifi ba ne, faɗi shi kawai. Sai dai idan kana aikawa gida duk wata alhali katin bashinka na kwance ba biya, shirya amsar tambayar da za ta biyo baya.

Bayan samun izinin ma ana ci gaba da sa ido, don haka in abu ya rikice, sanar da jami'in tsaro na wurin aikinka tun kafin na'ura ta tona. Idan kuma takardar dalilan hana izini ta zo wa ma'aikacin kamfanin kwangilar tsaro, kwana 20 gare shi ya ba da amsa a rubuce.