Kurakuran da ke kashe injin kunkuru bayan an sake haɗa shi a gida

Volkswagen ƙirar kunkuru ba ta da radiyato, ba a zuba mata ruwa. Iska da baƙin mai ne kaɗai ke kwashe zafin injinta, kuma a Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, iskar ma da zafinta take shigowa. A ganina, yawancin injinan da ake haɗawa a gida su mutu kafin shekara ta zagayo, ɗayan abu biyu ne ke kashe su: ko an tauye musu iska, ko an ɗaure abu ba tare da an auna ba. Injin mai sauƙi ne, mutum ɗaya mai haƙuri zai iya wargaza shi ya mayar. Sauƙin nan ne ke sa ake raina shi.

Tun kafin a taɓa noti ake fara kuskure. Mutum ya jawo motar daga gidan wani dattijo inda ta shekara da shekaru a ƙarƙashin bedi, washegari sai ya nufi mai fenti. Fenti shi ne aikin ƙarshe. Fara ɗaga kujerar baya da shimfiɗar ƙasa ka duba inda batir ke zama, domin ruwan batir yakan cinye ƙarfen wurin. A nan ƙarƙashin kujerar za ka ga lambar shasi. Lambar inji kuma tana ƙasan ƙafar da ke riƙe da dinamo. Rubuta su duka biyu kafin ka sayi ko da wasa ɗaya, ɗan zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, saboda da wuya ka samu kunkurun da har yanzu injinta na asali ne a ciki. An ƙera fiye da miliyan 21, wasu a Jamus, wasu a Brazil, wasu an harhaɗa su a Legas daga 1975, ta ƙarshe kuma ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko ranar 30 ga Yulin 2003. Akwai 1200, 1300, 1500 da 1600, akwai mai wuta bolt 6 da mai 12. A ido duk kama ɗaya suke. Amma bolan, wato babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke ƙarshen inji, na mai bolt 6 haƙora 109 gare shi, na mai 12 kuma 130, in ka haɗa shi da demarar da ba tasa ba, wato na'urar da ke juya shi ta tayar da inji, sai su cinye juna. Idan za ka kasuwar Katako ko za ka aika a sayo maka daga Najeriya ta Konni, tsohon kayan da ka cire shi ne samfurinka, a tafi da shi a hannu.

Wajen kwancewa, ɗauki hoto da waya a kowane mataki, kuma ka tanadi gwangwanaye ka rubuta wa kowane suna. Kafin ka raba gidan injin biyu, kama fulin da ke bakin bilbireken, babban sandan tsakiyar inji da fistan ke juyawa, da hannu biyu ka tura ciki ka ja waje. Idan ka ji yana ƙwas-ƙwas, har idonka na ganin motsin, to mazaunin kusine (zoben da bilbireken ke juyawa a cikinsa) na wajen bolan ya ci, kuma sabbin kusine kaɗai ba za su magance shi ba. Gidan injin da haɗin maganiziyom aka yi shi, ƙarfe ne mara nauyi mai laushi. Yaran gareji sukan cusa sukudireba a tsakanin ɓarin biyu su banƙara, daga ranar mai ba zai daina ɗiga ta wurin ba, tunda babu juwan, wato shimfiɗar da ke tare mai, a tsakani, fuska da fuska suke haɗuwa. In ya ƙi rabuwa, akwai notin da ka manta, yawanci ya ɓuya cikin daskararren mai da ƙasa. Nemo shi, sannan ka bubbuga da gudumar roba. Kada kuma a kai shi wurin mai waldar gas, maganiziyom in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi.

Kada ka sayi kusine kafin ka dawo daga wurin mai injin gyaran ƙarfe. Shi zai auna bilbireken ya gaya maka ko sai an rage shi, ya auna ramukan gidan injin ya ga ko sun buɗe har sai an sake huda su a layi ɗaya. Girman kusinen ya dogara da awo uku: na bilbireken, na gida, da kaurin gefen da ke tare motsin gaba da baya. Wanda ya riga ya saya ya yi asarar kuɗinsa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya sa su haka nan don kada kuɗin su tafi a banza.

Sai wanki. Ramukan da mai ke bi a wanke su da gazuwal da ɗan buroshi, a hura musu iska har sai sun fita tas. Na'urar sanyaya mai, in injin ya taɓa cin kusine, gara a sauya ta, don garin ƙarfe na maƙalewa a cikinta ya dawo cikin sabon aiki. Kuma don Allah kada a haɗa inji a tsakar gida lokacin hunturu. Ƙurar da ke sauka a kan kusine mai jiƙe da mai cikin minti goma ta isa ta kankare shi. A shiga ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa, abin da ba a kai gare shi ba a lulluɓe shi da leda.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke lalata aikin wata guda cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane babban kusine yana da ɗan rami a bayansa, wanda dole ya zauna daidai kan ɗan turken ƙarfe da ke cikin gida. Idan ramin ya kauce ko da kaɗan ka ɗaure, turken zai danne kusinen ya lotsa shi, ya matse bilbireken. Abin yi shi ne ka fara zaunar da kowane kusine shi kaɗai a mazauninsa, ka ja masa layi da alƙalami daidai bakin gida. In ka kwantar da bilbireken, sai ka riƙa juya kusinen a hankali da yatsa har layin ya dawo wurinsa ka ji ya faɗa. Ɗigon da ke kan haƙorin kam, sandan da ke buɗe ƙofofin silinda, ya shiga tsakanin haƙora biyu masu alama na bilbireken. Sannan a ɗaure kaɗan-kaɗan, ana juya bilbireken da hannu bayan kowane zagaye. Da zarar ya yi tauri, tsaya ka buɗe, kada ka ce zai saki in ya yi aiki. Abin liƙin da za ka shafa a fuskar gidan ya zama siriri ƙwarai. Silikon da ake labtawa har yana tsattsafowa waje, haka yake tsattsafowa ciki, ya gutsure ya toshe hanyar mai.

Maganar ɗauri kuwa, hannu ba ma'auni ba ne, komai daɗewarsa a sana'a. Sayi ko ka ari kile mai auna ƙarfin ɗauri. Manyan notocin gida kilo 3.5 ne, wato nauyin kilo 3.5 a kan sanda mai tsawon mita ɗaya, na kulas (murfin kan silinda) kilo 3.2 in sandunan masu milimita 10 ne, kilo 2.5 in masu 8 ne, kuma a bi su a gicciye, ba a jere ba. Wanda ya ƙara "don ya zauna da kyau" yana tumɓuke zaren da ke cikin gidan ne, in injin ya yi zafi kulas ya saki ya fara huci. Babban notin bolan shi ne akasin haka, kusan kilo 35 yake so, kuma an fi barinsa da sako-sako. Idan ba ka da kilen da ya kai nan, mutum mai nauyin kilo 70 ya taka sandar kilen a nisan rabin mita daga notin, ba tare da tsalle ba, lissafin ya fita. Kafin nan a daidaita motsin bilbireken gaba da baya da siraran wasa guda uku, ya tsaya tsakanin milimita 0.07 da 0.13. Kibiyar da ke kan kowane fistan ta kalli bolan, bakunan sagiman, wato zobban fistan, kuma kada su hau layi ɗaya.

Yanzu ga inda na fi jin takaici. Kwanukan da suka lulluɓe injin ba ado ba ne. Fanka na jawo iska, kwanukan ne ke tilasta mata bi ta tsakanin fikafikan silinda da kulas ta fita ta ƙasa. Duk ƙofar da aka bari, iska ta nan za ta gudu, kamar ruwan lambu da ya samu ɓaraka a kwalbati. Za ka ga an haɗa inji tsaf, sai a bar wasu kwanuka a gefe a ce wai don ya sha iska, alhali an hana shi ita ne. Ƙananan faranti biyu da ke maƙale a ƙasan silinda, tilas a sa su kafin bututan sandunan sufaf (ƙofofin da mai ke shiga silinda, hayaƙi ya fita), in ka manta sai ka sake cire kulas. Robar da ke zagaye da ɗakin inji ita ke hana zazzafar iskar ƙasa da ta salansa dawowa cikin fanka, in ta ruɓe a sauya, haka ƴan robobin da ke toshe ramukan buji. A nan Yamai ba mai buƙatar ɗumama cikin mota, shi ya sa ake jefar da manyan tiyo biyun da ke fita daga gidan fanka. To, a toshe bakunan da suka bari, da ramukansu na ƙasa, in ba haka ba iskar da ya kamata ta je kan kulas tana zuba a banza. Ƴan ƙofofin da ke cikin gidan fanka ma, ko an cire tamostat da ke buɗe su in inji ya yi zafi, a bar su a ɗaure a buɗe, domin su ne ke karkata iska wajen kulas. Kuma kafin ka rufe, zura hannu bayan fanka ka laluba. Tsumma ko ledar da ta maƙale a nan ta isa ta gasa inji.

Silinda ta uku, wadda ke hagu ta wajen gaban mota, ita ta fi shan wuya. A tsofaffin injina na'urar sanyaya mai tana tsaye cikin gidan fanka a kan hanyar iskarta, sai daga samfurin 1971 aka fitar da ita bayan gidan fanka aka ba ta hanyarta daban. In kana da zaɓi, wannan gidan fankar na baya shi ya dace da ƙasarmu, amma a sa shi da faffaɗar fankarsa da dukan kwanukansa.

Wannan zafi ne ya sa gibin sufaf ba abin wasa ba ne. Milimita 0.15 ne, a auna injin na sanyi ƙalau, da safe kafin a tayar. Na ga wani saurayi ya kawo wa wani dattijon makanike tasa yana cewa, "Baba, a ɗan matse mini su, ƙarar ta yi yawa." Dattijon ya zura siririn ƙarfen awo a ƙarƙashin na silinda ta uku, ya ja, ya miƙa masa ya ce, "Ja ka ji, ɗana. Haka nake so ya riƙa gogawa kaɗan yana wucewa. Wadda ke ƙara ba ta ba ni tsoro, wadda ta yi shiru ita ke ƙonewa." Gaskiyarsa ne. Sufaf na sauke zafinta ne a lokacin da ta zauna a mazauninta, in an matse ba ta zama sosai, sai ta ƙone ko kanta ya guntule ya faɗa kan fistan. Idan ka lura gibin wata sufaf na raguwa duk lokacin da ka duba, tana miƙewa ne, a cire kulas tun kafin ta yanke.

Haka saita wuta da kunne. Injin da aka ba wuta da wuri yana daɗin ja a cikin gari, a kan doguwar hanya kuma ya huda fistan. A sa gibin bis-filatine, ƴan ƙarafan da ke yanke wuta a cikin delko mai rarraba wa buji wuta, milimita 0.4, a bi jerin wuta 1-4-3-2, a saita da fitilar saiti gwargwadon irin delkon da ke kai, domin ba duka ne lambarsu ɗaya ba. Masu rage wa karbirata mai don tsimi su ma zafi suke ƙara wa inji. Kuruwa, wato bel ɗin da ke juya dinamo, in ka danna ta da babban yatsa ta lotsa kamar milimita 15, da wasan da ke tsakanin ɓarin fulin dinamo ake daidaita ta. Ita ce ke juya fanka, saboda haka in jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsaya nan take ka duba, kada ka ce bari in ƙarasa gida.

Ranar tayarwar farko, cire buji ka juya injin da demara har fitilar mai ta mutu. In ya tashi, kuma kam sabo ne, riƙe shi wajen juyi 2,000 na minti 20, kada a bar shi yana rangaji a ƙasa. Sannan a zubar da man, a bari ya huce, a sake auna sufaf. Lita 2.5 kacal yake ci, kuma ba shi da matatar mai ta gaske sai rariya a ƙasa, don haka kilomita 5,000 da aka tsara tsakanin juye da juye ya yi yawa a ƙurarmu, a rage. Mai kauri irin 20W-50 ya fi dacewa da zafin nan. Tsohuwar matatar iska mai wanka da mai, wadda ake cirewa a sa ƴar ƙarama mai sheƙi, ta fi ta kama ƙura nesa ba kusa ba. Wanke ta, zuba mata mai zuwa layi, ka mayar.

Kafin ka hau titi, sauya dukan tiyon esansi, ka ɗaure kowane baki da zobe. Ja ɗan bututun tagulla da ke shiga karbirata ka ji ko yana motsi, domin in ya zare, esansi kan delko yake zuba. Matatar esansi ta roba a fitar da ita daga ɗakin inji, musamman ga mai sayen na kwalba da ke buƙatarta sosai, a sa ta ƙarƙashin tanki. A rufe kan batir da roba, saboda wayoyin kujerar baya na iya taɓa shi in mutum mai nauyi ya zauna. Birki kuma a sabunta tiyonsa da robobinsa da ruwansa gaba ɗaya, motar da ta daɗe a ajiye ba a yarda da birkinta.

Gwajin farko a yi shi da sassafe, a cikin gari, ana sauya gudu, ba a labta mata kaya ba. Bayan ƴan kwanaki sai a kama hanyar Dosso, a tsaya bayan kilomita 20 a zaro sandar awon mai. In ba ka iya riƙe ta da yatsu saboda zafi, juya ka koma a hankali, ka bi kwanuka, kuruwa, wuta da sufaf ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar Tawa, mai fiye da kilomita 500, sai bayan juyen mai na biyu, kuma da kuruwar ajiya, bis-filatine da litar mai a cikin but.