Yadda ɗalibin likitanci zai yi bitar manyan cututtuka kafin jarrabawa

Ɗalibin da ya kai shekarun shiga asibiti, ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya yake ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yakan tarar abin da ke cikin littattafai ya fi ƙarfin lokacin da ya rage masa. Saboda haka matakin farko shi ne zaɓe. Ka jera cututtukan da suka cika gadajen asibitinku: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, tarin fuka, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, sanƙarau da jijjigar masu juna biyu. Su malamanka suke gani kullum, su kuma suka fi tambaya. Cutar da sai a littafi ake ganinta ta jira tukuna.

Na biyu, ka ba kowace cuta shafi guda, ka bi tsari iri ɗaya: abin da ke kawo ta, kukan da majinyaci zai zo da shi, abin da za ka gani in ka duba shi, gwajin da ke tabbatar da ita, maganinta, da hanyar da take bi ta yi kisa. Wannan na ƙarshe ne ɗalibai suka fi wa riƙon sakainar kashi, alhali a kansa ake gane wanda za a iya bar wa majinyaci da dare. A shafin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, alal misali, bai isa ka rubuta allurar artesunet ta jijiya, miligiram 2.4 ga kowane kilo, a farko da bayan awa 12 da awa 24 ba. Sai ka ƙara cewa yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi, kuma duk wanda ya fita hayyacinsa a auna sugan jininsa nan take, domin faɗuwar suga tana kashewa kafin magani ya yi aiki.

Na uku, ka rufe littafin. Maimaita karatu yana sa mutum ya ji kamar ya iya, amma takardar jarrabawa abin da ke kanka take nema. Ka ɗauki farar takarda ka sake rubuta shafin da ka, sannan ka gwada da na asali, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya kuɓuce maka. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, don haka ka koma wa shafin washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata.

Lambobi kuwa suna son kulawa ta daban, kuma ba sa zama sai an haɗa su da dalili. Ka haddace 140/90, awon da daga shi ake cewa akwai hawan jini, da milimol 7.0 a kowace lita a sugan wanda ya kwana bai ci komai ba, wanda daga shi ake cewa akwai ciwon suga, da wata biyu na magani huɗu sannan wata huɗu na magani biyu a tarin fuka. In ka zo kan magniziyam salfet a jijjiga, kada ka tsaya a giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu; ka san cewa ƙoda ce ke fitar da shi, shi ya sa ake lura da fitsari, da numfashi, da zaburar gwiwa kafin a ƙara, kuma kalsiyam gulukonet ke karya shi in ya yi yawa.

A ƙarshe, ka kai shafin ɗakin marasa lafiya. Ka nemi izinin majinyaci, ka ɗauki tarihinsa da harshen da yake ji, ka duba shi, sannan ka gabatar wa abokin karatunka da Turanci yana riƙe da agogo yana yi maka tambayoyi. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ka bar su zuwa makonnin ƙarshe, ka amsa su cikin ƙayyadadden lokaci, duk inda ka faɗi ka koma shafin cutar ka gyara.