Idan hukuma ta ɗauke miki ɗa, ga abin da za ki yi kafin ki dangwala yatsa a kowace takarda

Maƙwabciyata ce a nan cikin garin Bauchi, mai tuyar awara, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ƙaramin ya yi tuntuɓe ya faɗa gefen kasko, man suya ya ƙona shi a cinya, ba ta kai shi asibiti ba sai bayan kwana uku saboda babu kuɗi a hannu, tana ta shafa masa zuma a gida. Wani ya je ya kai rahoto wai ita ta ƙona shi. Aka zo aka ɗauki yaron, ita kuma aka kira ta wani ofis aka miƙo mata takarda da Turanci aka ce dangwala a nan, ta dangwala tana kuka. Da na je wajenta da yamma shuɗin tawadar na nan a babban yatsanta, na ce Yaya me aka rubuta a ciki, ta ce wallahi ban sani ba. Wata biyu muka yi muna zirga-zirga kafin yaron ya dawo ɗakinta, kuma rabin wahalar daga takardar nan ta fito. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Farko dai ki riƙe zuciyarki. Na san ciwon ɗa, amma zagi ko cakumar rigar ma'aikaci ba zai dawo da shi ba, sai ma a rubuta a fayil cewa ke mafaɗaciya ce kuma alƙali zai karanta. Ki tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe daga wane ofis kuke, wa ya ba da umarni, akwai takardar kotu, ina za a kai yaron ya kwana? Ki sa wani mai karatu ya rubuta sunan jami'in da ranar da lokacin. Ma'aikatan walwalar jama'a da 'yan sanda suna da ikon janye yaro daga inda ake ganin yana cikin haɗari, wannan gaskiya ne kuma akwai yaran da hakan ya ceci ransu, amma riƙon gaggawa ne na ɗan lokaci. Raba uwa da ɗanta na tsawon lokaci aikin kotu ne, kuma kotu ba ta da ikon yanke miki hukunci ba ta saurare ki ba, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba ki wannan.

Toh maganar takarda. Dan Allah kar ki sa hannu kar ki dangwala sai an karanta miki an fassara da Hausa a gaban wani naki da kika yarda da shi. Abin da aka rubuta wa maƙwabciyata shi ne wai ta amsa cewa ta yi sakaci kuma ta yarda yaron ya zauna a hannun hukuma, alhali ita abin da ta faɗa da bakinta shi ne ba ta da kuɗin asibiti. Kin ga bambancin? Idan kama ki aka yi, sashe na 35 ya ba ki damar ki yi shiru har sai kin ga lauya ko wani da kika zaɓa, kuma dole a kai ki gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kotun, kwana biyu. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a tsare miji don ana neman mata ko uwa don ana neman ɗanta. A kotu kuma in ba ki jin yaren da ake shari'ar da shi a tuhumar laifi, tafinta haƙƙinki ne ba tare da kin biya ko sisi ba.

Lauya fa, ina talaka zai samo kuɗin lauya? Wannan tambayar ce ke sa mutanenmu su naɗe hannu su ce sun bar wa Allah. Akwai hukumar gwamnatin tarayya da aikinta kenan, Legal Aid Council, tun 1976 take, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2011 ce, tana da ofis a kowace jiha har da Bauchi da Gombe. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda tun 2024 naira dubu 70 ne a wata, kenan mai awara da ɗan acaɓa da mai wankau kusan duk sun shiga. Za ki cike fom ki faɗi halin da kike ciki. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata FIDA da ke tsaya wa mata da yara kyauta, sai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da ke karɓar koke. Gaskiya lauyoyin nan aiki ya yi musu yawa, mutum ɗaya da tulin fayil a tebur, saboda haka kar ki kai ƙorafi ki koma gida ki zauna jiran kira. Ki karɓi lambarsa, ki tuna masa kwana biyu kafin ranar zama, kuma ki faɗa masa gaskiya duka har wadda ba ta yi miki daɗi ba, don gara ya ji daga bakinki da ya ji ta a gaban alƙali.

Abin da ya fi taimakon mu wata baƙar leda ce da ke ƙarƙashin katifar maƙwabciyata. A ciki akwai katin rigakafin yaron duk an cike shi, gefensa ma ya sha mai, da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da rasit ɗin Islamiyya. Lauyan da ya ga katin nan ya ce wannan ya fi dogon bayani, uwar da ta bi allurar ɗanta ɗaya bayan ɗaya ba mai sakaci ba ce. Ki haɗa irin waɗannan, ki ƙara da katin asibiti da bayanin likitan da ya duba raunin, ki yi hotokofi ki ajiye na asali a wajenki, kar ki bar shi a kowane ofis. Sannan shaidu: mai unguwa, malamin makarantar yaron, maƙwabtan da suka ga abin da idonsu. Wanda ya ce ya ji an ce, ba shi da amfani a kotu.

Ki san da me alƙali zai auna maganar. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, wadda jihohi ke ɗauka su yi tasu, Bauchi da Gombe ma sun yi, ta ɗora komai a kan maslahar yaron, ba fushin uwa ko na uba ba. Don haka kar ki ɓata lokacinki kan wanda ya kai ki ƙara, ki nuna inda yaron zai kwana, wa zai kula da shi in kina bakin kasko, ta ina abinci zai fito. In an ce ba za a ba ki shi yanzu ba, ki roƙi a ba kakarsa ko innarsa maimakon gidan marayu, ki kuma roƙi a rubuta ranakun da za ki riƙa ganinsa. Duk ranar da aka ba ki ki je, ko da kuɗin Keke Napep rance za ki yi, saboda ana rubutawa.

Wani lokacin kuma ba hukuma ba ce, dangin miji ne ke ƙwace yara bayan saki ko rasuwa su ce ai 'ya'yanmu ne. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da sha da sutura kuma suna kan uba. In uwar ta auri wani bare, renon kan koma wajen mahaifiyarta ne, ba kai tsaye gidan uba ba. A fara da sulhu a gaban manya ko liman, in ya ƙi ki shigar da ƙara a kotun shari'a.

In hukunci bai yi miki ba akwai ɗaukaka ƙara, amma kwanakinta a ƙirge suke. Ranar da aka yanke, kafin ki bar harabar kotun, ki je wajen rajistara ki tambayi kwana nawa gare ki, ki nemi kwafin hukuncin, ki kai wa lauyanki a ranar.