Kafin ku sayi hedifon mai tsada, ku duba ohm ɗinsa

Jama'a, shawara ga masu shirin sayen manyan hedifon irin Sennheiser HD 600 ko HD 650. Ku fara duba lambar ohm da ke jikin kwalin, wato ma'aunin yadda hedifon ke tirje wa wutar da ake tura masa. Waɗannan biyun ohm 300 ne, kuma yawancin wayoyi ba sa iya tura musu isasshiyar wuta. Za ka ƙure ƙara, amma sautin ya fito a sanyaye, gangar (wato bass) ba nauyi, sai ka ɗauka an sayar maka da jabu. Ba laifin hedifon ba ne.

Maganinsa ɗan amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai haɗe da DAC (mai juya sautin dijital zuwa wanda hedifon ke iya fitarwa), irin FiiO BTR5 ko Qudelix 5K, wanda ke shiga aljihu. Ku sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko.

Masu ƙananan iyafis na cikin kunne kuwa, galibi nasu ohm 16 zuwa 32 ne, ƴar igiyar USB-C ta Apple da ke haɗa iyafis da waya ma ta wadatar. A ganina ɓarnar kuɗi ce a saya musu babban amfilifaya. Gara ku sauya robar bakin har ku sami wadda ta toshe kunne sosai, don in iska na shiga, gangar zubewa take yi.