Yadda za ka kauce wa sakamakon ƙarya a gwajin alajin ƙarfe

Ba kowane jan tabo da ya fito a ƙarƙashin filastar gwaji ne ke nuna cewa jikinka ba ya jituwa da ƙarfe ba. Gishirin nikel da kobal da kuromiyam da ake cakuɗawa da man basilin a manna a gadon baya suna iya ƙona fata da kansu, ko da babu wata alaji, wato rashin jituwar jiki da ƙarfen, kuma kuromiyam ya fi sauran wannan hali.

Ka fara da shirya fatar. Idan kirci ya taso maka sosai, musamman a baya, ka roƙi likita ya ɗage gwajin har fatar ta lafa, domin fatar da ta riga ta harzuƙa tana mayar da martani ga kusan duk abin da aka ɗora mata. Bayan an manna filastar, ka bar ta awa 48 ba tare da ruwa ko zufa mai yawa ko susa ba, sannan a cire ta a yi dubawa ta farko.

Muhimmin abu shi ne komawa dubawa ta biyu, tsakanin awa 72 zuwa 96 bayan manna filastar, wani lokaci har da ta rana ta 7. A nan ne gaskiya take bayyana: ƙunar sinadari tana dusashewa da zarar an cire filastar, alhali alaji ta gaske takan daɗe ko ta ƙaru, da kumburi da ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, har ta ɗan zarce iyakar wurin da aka manna. Ƙuna kuwa ta fi zuwa da raɗaɗi, kuma tana tsayawa daidai da da'irar filastar. Kobal yakan bar ɗigo-ɗigon jini a ƙofofin gashi, nikel kuma yakan fitar da ƙuraje masu mugunya. Waɗannan galibi ba alaji ba ne.

Idan wurare da yawa sun yi ja lokaci guda, ka nemi a sake gwada kowane ƙarfe shi kaɗai bayan wasu makonni, saboda martani mai ƙarfi a wuri ɗaya yana iya tunzura maƙwabtansa.

Daga ƙarshe ka gaya wa likita abin da ka gani a rayuwarka, ko agogo ko kan bel ko maɓallin wando ya taɓa fitar maka da ƙuraje. Abin takaici ne mutum ya ƙi aikin haƙori ko dashen ƙarfe a ƙashi saboda tabo guda mai rauni da ba a tabbatar ba, don haka kada ka yanke irin wannan shawara sai likitan fata ya auna sakamakon da tarihin jikinka.