Yadda za ka samu kujera a teburin Dungeons & Dragons ko da ba ka san kowa ba

Babbar matsalar mai son wasan Dungeons & Dragons ita ce mutane. Littafin dokoki ana samu, dayis ma ana saye, amma ina za ka haɗa mutum huɗu ko biyar da za su zauna da kai awa uku ko huɗu kowane mako? Ga wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila ko Amurka, bai da abokai sai na masallaci da na aji, abin ya fi wuya. Dalilin da ya sa nake ba mutane shawarar su fara da wasan da kamfanoni ke tsarawa don jama'a ke nan, wanda ake yi a shaguna da manyan taruka, inda baƙo yake shiga ya zauna ba tare da an tambaye shi wa ya gayyace shi ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraro su ne jaruman labarin. Mutum ɗaya ne mai jan wasa, shi ke faɗin inda kuke da abin da ke gabanku, kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, sannan a jefa dayis a ga ko ya yi nasara. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, kuma tun 1980 aka kafa ƙungiyar RPGA don shirya irin wannan wasa na jama'a. Yau manyan tsare-tsaren guda biyu ne. Akwai Adventurers League na kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya fara a 2014, da kuma Pathfinder Society na kamfanin Paizo, wanda aka ƙaddamar a babban taron wasanni na Gen Con na 2008, shi kuwa na wasan Pathfinder ne, wani wasa makamancinsa mai nasa dokokin. Na farkon ya fi sauƙin samu saboda sunan D&D ya fi yaɗuwa. Na biyun, a ganina, ya fi tsari, kuma masu kula da shi sun fi iya karɓar baƙo.

Amfanin tsarin shi ne jaruminka naka ne, duk inda ka je da shi za ka tafi. Idan ka ƙirƙiri mayaƙi a wani shago a Manchester, ka kai shi mataki na 3 (jarumi yana hawa mataki yana ƙara ƙarfi yayin da kake wasa da shi), za ka iya zuwa da shi wani tebur a Birmingham ko a intanet, a karɓe shi da takobinsa da kuɗinsa, domin dokar ɗaya ce a duk teburan tsarin da ka shiga.

Fara da neman wurin. Wizards of the Coast suna da shafin neman shaguna, ka rubuta sunan garinku ya nuna maka waɗanda ke kusa. Amma kada ka dogara da shi kaɗai, ka kira shagon ko ka leƙa da ƙafarka ka tambayi wace rana ake wasa, domin wasu sun daina tuntuni sunansu na nan. Shaguna da yawa a Amurka sun saba da daren Laraba, al'adar da ta samo asali daga shirin D&D Encounters na 2010. Ɗaya wurin da ya kamata ka sani shi ne shafin Warhorn, inda masu shirya wasa ke jera teburansu da rana da lokaci da yawan kujerun da suka rage. Ka buɗe asusu, ka zaɓi tebur, ka sa sunanka. Kuma don Allah idan ka sa suna ka zo, in uzuri ya taso ka cire da wuri. Teburin Adventurers League yana buƙatar aƙalla mutum uku, ba ya wuce bakwai, saboda haka rashin zuwanka kan iya rusa wa wasu darensu, ko ya hana wani da ke jira samun kujera.

Wajen zaɓen tebur ne sababbi suka fi yin tuntuɓe. An raba wasannin Adventurers League rukuni huɗu: na farko mataki 1 zuwa 4, na biyu 5 zuwa 10, na uku 11 zuwa 16, na huɗu 17 zuwa 20. Kai naka shi ne na farko. Ko da labarin da aka rubuta a teburin rukuni na biyu ya fi burge ka, ka haƙura, can jaruman suna da dabaru birjik waɗanda mai su ya yi watanni yana koyo. A Pathfinder Society ma kowane wasa yana ɗauke da matakan da aka yarda su shiga, ka duba kafin ka sa suna.

Sai batun jarumi. Shawarata ita ce ranar farko kada ka wahalar da kanka da ƙirƙira. Ka ce wa mai jan wasa kai sabo ne, ya ba ka ɗaya daga cikin jaruman da aka riga aka shirya, takarda ce ɗaya ko biyu an cike komai. Ka zaɓi mayaƙi ko ɓarawo mai sanɗa, ka bar masu tsafi tukuna, don jerin sihirinsu kaɗai ya isa ya rikita ka yayin da mutum biyar ke jiran ka yi magana. Idan ka dage sai naka, ka sauke jagorar 'yan wasa ta wannan shekarar, kyauta ce, kuma ka tabbatar sabuwa ce domin dokokin suna canzawa. A Adventurers League ba a jefa dayis don fitar da ƙarfin jarumi kamar yadda ake yi a gida, ana raba maki ne, ko a ɗauki jerin nan na 15, 14, 13, 12, 10, 8 a rarraba. Dokokin farko na D&D suna nan kyauta a intanet, na Pathfinder kuwa kusan dukkansu suna shafin Archives of Nethys, don haka ba sai ka sayi littafi mai tsada kafin ka san ko wasan zai yi maka ba.

Abin da za ka sa a jaka kaɗan ne: fensir da abin gogewa, 'yar takarda, ruwan sha, da saitin dayis mai ƙwaya bakwai. Wanda za ka fi jefawa shi ne mai fuska ashirin. In ba ka da shi ma ka je, ban taɓa zama a teburin da babu wani mai jaka cike da dayis yana neman wanda zai ara wa ba. Wasu shagunan suna karɓar 'yan kuɗin kujera, wasu ba sa karɓa, amma ya kyautu ka sayi wani abu lokaci-lokaci tunda wuta da haya su ke biya. Na san wani zai tambaya ko caca ce tunda ana jifa. Babu kuɗin da ake zubawa, babu wanda ke cinye wani, dayis ɗin alƙali ne kawai tsakanin abin da ka so da abin da ya faru.

Ka isa da minti goma sha biyar kafin lokaci. Mai jan wasa zai so ya ga takardarka, kuma a nan ne za ka faɗa masa cewa za ka tashi sallah. Zama ɗaya yakan kai awa biyu zuwa huɗu, wanda aka fara da yamma kuwa sai ya haɗa da Magariba. Yawancin tebura suna da hutu a tsakiya, ni nakan roƙi a daidaita hutun da lokacin, kuma ba a taɓa yi mini gardama ba. Ka kuma duba wurin tun a Warhorn, domin a Ingila wasu ƙungiyoyi a ɗakin sama na mashaya suke haɗuwa. Idan hakan bai yi maka ba, akwai na shaguna da na ɗakunan karatu da na ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'i.

A kan tebur kuwa, wasan haɗin kai ne. Doka ta hana jaruminka ya far wa na wani ko ya yi masa sata, komai daɗin da kake ganin hakan zai yi a labari. Kafin zagayenka ya zo ka riga ka yanke abin da za ka yi. Ba dole ba ne ka canza murya, ya isa ka ce "jarumina zai leƙa bayan ƙofar a hankali". Idan mai jan wasa ya yanke hukuncin da kake ganin ya saɓa wa littafi, ka faɗa sau ɗaya ka bari sai an tashi. Shi ma sa kai yake yi, ba albashi ake ba shi ba, kuma ya kwana yana karanta labarin da kai ka zo ka tarar a shirye.

Kada ka tashi ba ka karɓi shaidarka ba. A Adventurers League kai ne kake rubuta sunan wasan da kwanan wata da abin da ka samu a takardar bayananka. A Pathfinder Society mai jan wasa zai ba ka takardar shaida ta wannan wasan, zai kuma tambaye ka lambarka ta ɗan wasa, wadda ake samu kyauta a shafin Paizo. Jaruminka na farko a bugu na biyu na dokokin Pathfinder yana ɗaukar lambarka da 2001 a ƙarshenta. Ka sami fayil ka riƙa tara takardun nan, ka ɗauki hotonsu da waya, saboda su ne hujjarka a teburin da ba a san ka ba.

Manyan taruka kamar Gen Con a Indianapolis da UK Games Expo a Birmingham suna da tebura masu yawa na sababbi, sai dai kujerun suna cika da wuri.

Wanda ke Kano ko Maraɗi kuwa intanet ce hanyarsa. Ana wasannin nan a dandamali irin su Discord da Roll20 da Foundry, kuma ana lissafa su daidai da na shago. Turanci ake yi, sai ka tanadi abin sawa a kunne mai kyau da cajin da zai kai awa huɗu. Ka lura da agogo sosai: ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Najeriya da Nijar lokacin bazararsu, ƙarfe ɗaya kuma lokacin sanyi. Ka nemi teburan Turai, ko na Amurka da ake yi da safiyar Asabar, waɗanda ke faɗowa mana da yamma.