Yadda Za Ka Shirya Tafiya Ƙasar Peru

Ana yawan tambayar yadda ake shirya tafiya Peru, ƙasar da ke Kudancin Amurka, to ga matakan a jere.

1. Zaɓi lokaci. Daga Mayu zuwa Satumba ruwan sama ya ɗauke a kan tsaunuka.

2. Duba fasfo, ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

3. Nemi biza kafin ka biya kuɗin jirgi.

4. Sayi tikitin shiga Machu Picchu, kufan tsohon birnin mutanen Inka da ke kan tsauni, tun kana gida, domin ƙayyadaddun mutane ake bari kullum. Hattara: sunanka da lambar fasfo su dace da na tikitin harafi da harafi, a bakin ƙofa ana dubawa.

5. In da ƙafa kake son bin tsohuwar hanyar Inka ta kwana 4 zuwa Machu Picchu, kama gurbi watanni kafin tafiya. A Fabrairu rufe ta ake yi.

6. Daga Lima, babban birnin ƙasar, hau jirgin sama zuwa birnin Kusko.

7. A nan aka fi yin kuskure. Kusko tana kan tudu mai tsawon mita 3,400, iskar ba ta isar baƙo. Hawa matakala goma sai ka ji kana haki, kai na sarawa. Ni shawarata ka gangara garin Ollantaytambo, wanda bai kai Kusko tudu ba, ka huta kwana biyu, ka yi ta shan ruwa.

8. Daga can hau jirgin ƙasa zuwa garin Aguas Calientes, sai bas ya haura da kai Machu Picchu.

9. Saka rigar sanyi a jaka, dare akwai jaura.

10. Tambayi mai abinci kafin ka ci: "cerdo" da "chancho" duk alade ne.

11. Kada ka sako ganyen koka, wanda da shi ake yin hodar iblis, a kayanka. A can shayi ne, a filin jirginmu laifi ne.